Kwana a Albaisin: A Fara Tambayar Inda Mota Ke Tsayawa

Mafi yawan masu zuwa birnin Garanada na ƙasar Sifaniya fadar Alhambra ce ke kawo su. Daga cikinsu akwai masu cewa in za a kwana, a kwana a Albaisin, tsohuwar unguwar da ke kan tudun da ke fuskantar fadar, kogin Darro na ratsawa tsakaninsu. Suna da hujja. A wannan tudu sarakunan Banu Ziri suka kafa ganuwarsu a ƙarni na 11, tun kafin a gina fadar da ake tururuwar gani, kuma bayan birnin ya faɗa hannun Kiristoci a 1492, nan Musulmi suka fi taruwa. Har yau tsarin lungunansu na nan, da rijiyoyin tara ruwa, da gidaje masu lambu a bayan katanga. A 1994 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai masu tallan masauki hoton taga suke nunawa, ba sa nuna hanyar ƙofa. Yawancin lungunan shimfiɗar ƙananan duwatsu ce da matakala, wasu ko tasi ba ya shiga. Mai jan akwati mai taya zai gane kurensa, balle wanda ya taho da dattijuwa ko mai goyo. Don haka kafin a biya kuɗi, a tambayi mai masauki: ina mota ke tsayawa, kuma matakala nawa ne daga nan zuwa ɗaki? In ya fara kewaye-kewaye, an riga an sami amsa.

A gaskiya Albaisin biyu ce. Ta ƙasa, wajen Plaza Nueva da titin Elbira da bakin Darro, ta fi sauƙin shiga da fita, ga shagunan shayi da gidajen abincin 'yan Maroko inda naman halal ba ya wuya. Illarta hayaniya, domin masu yawon dare ba sa barin wurin da wuri. Ta sama, wajen Plaza Larga da San Nikolas, ta fi natsuwa da dare, kuma daga can ake hango Alhambra da tsaunukan Siyera Nebada a bayanta. Kusa da dandalin San Nikolas ɗin ne babban masallacin Garanada yake, wanda aka buɗe a 2003. Dandalin kan cika da jama'a da masu kaɗa jita dab da magariba, amma lambun masallacin, da ke kallon fadar shi ma, ya fi sarari. Akwai ƙananan bas-bas da ke hawa daga Plaza Nueva, sai dai suna cika.

Lokaci ma abin dubawa ne. Zafin Yuli da Agusta kan kai digiri 40, hawan tudu da rana tsaka azaba ne. Da hunturu kuwa tsofaffin gidajen nan sanyi gare su, a tabbatar ɗakin na da na'urar ɗumama.

A ganina, mai ƙarfin gwiwa da ƙaramar jaka ya hau sama ya kwana. Mai iyali da kaya ya sauka a ƙasa, ya hau da yamma ya yi sallah, ya sha kallo, ya gangaro.