Me ya sa tayar mota ke cinyewa ta gefe ɗaya? Darasi daga hanyoyin Kura da Bunkure

Duk wanda ya tsaya wajen masu faci a bakin titin Kano zuwa Zariya, tsakanin Karfi da Kura, zai ga tayoyin da aka cire an jingine su jikin bishiya. Idan ya duba da kyau zai lura cewa da yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba. Gefe ɗaya zanensa na nan raɗau kamar jiya aka saya, ɗaya gefen kuwa ya suɗe ƙal har wayar ciki ta leƙo. Mai mota zai ce an sayar masa da jabu, mai shago ya rantse kayansa na gaske ne, alhali sau da yawa laifin yana can cikin ƙafar motar.

Yankin yana da nasa dalilin da ya sa matsalar ta yawaita. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, Shirin Noman Rani na Kogin Kano ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyar shinkafa da tumatir da alkama, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Gonakin suna cikin lungu, kuma hanyar isa gare su ta burji ce da ke bin gefen kanal, cike da kwalbati da sawun tarakta wanda ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Daga nan sai mota ta hau babban titin da aka sabunta a 'yan shekarun nan, ta kama gudu. Wato a safiya guda taya kan sha duka a kan burji, sa'annan ta sha zafi a kan kwalta.

A da, a-kori-kura da J5 da tsofaffin Golf ne suka mallaki waɗannan hanyoyi. Yanzu an samu ƙari. Masu gonaki da ke zaune a birni kan zo duba aiki a ƙarshen mako, matasan da kakar shinkafa ta yi wa kyau kuma sukan so motar da za a kalla. Abin da ake yayi shi ne motoci masu ƙirar tsere, irin su BMW da Mercedes C300 da Lexus IS, masu kwanciya ƙasa, da faffaɗar taya mai siririn gefe. Su ne suka fi kowace mota shan wahalar wannan ciwo, kuma su ne suka fi iya ɓoye shi.

Daidaita ƙafar mota, wanda kanikawa ke kira alaimen, gyara kusurwa uku ne. Ta farko ita ce inda bakin tayoyin ya fuskanta idan aka leƙo motar daga sama: ko sun ɗan haɗe baki, ko sun ɗan buɗe. Ta biyu ita ce tsayuwar tayar idan aka kalle ta daga gaba: ko ta miƙe sak, ko samanta ya karkata ciki ko waje. Wannan ita ake kira kamba. Ta uku, kasta, ita ce ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Ba ta cika cin taya ba, sai dai ta sa mota jan gefe.

Kamba ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa duba takalmin mai gwame. Nauyin jiki ya faɗa gefe guda, don haka gefen ne ke fara hudewa. Abin da masu motocin tsere da yawa ba su sani ba shi ne, da gangan kamfani ya ƙera motarsu da ɗan gwamen nan. Ana karkatar da saman tayar ciki da digiri ɗaya zuwa biyu, musamman a baya, domin idan motar ta shiga kwana da gudu jikinta ya jingina, fuskar tayar ta kwanta sosai a ƙasa ta riƙe titi. A hanyoyin Jamus masu lanƙwasa wannan dabara ce. A titin Zariya da ya miƙe ɗoɗar, gefen ciki ne kaɗai ke ɗaukar wahala.

Amma kamba ita kaɗai a hankali take ci. Wadda ke gama taya cikin watanni ita ce kusurwar farko, kuma ɗan lissafi ya isa ya nuna haka. A ɗauki taya mai tsayin santimita 60 wadda bakinta ya kauce da milimita 3 kacal, abin da ido ba zai gani ba. A kowace kilomita, motar na tilasta mata jan jiki a gicciye na kimanin mita 5. Daga Kura zuwa birnin Kano da dawowa ya kai kilomita 60, wato mita 300 ke nan ana goga roba a kan kwalta kamar ana wasa wuƙa. Wanda ke wannan zirga-zirga kullum, cikin wata guda ya ja tayarsa a gicciye tsawon kilomita 9. Idan wannan ya haɗu da kamba, duk gogar a kan siririn layi ɗaya take sauka, can ciki inda ba a gani. Mai mota na iya wanke ta kullum, yana sha'awar zanen waje, ciki kuwa waya ta fito.

Siririn gefen taya yana ƙara ta'azzara lamarin. Lambobin da ke jikinta suna faɗin komai: a taya 195/65 ta ƙaramar motar gida, tsayin gefe ya kai milimita 127, a 245/35 kuwa bai wuce 86 ba. Ƙarancin roba da iska tsakanin gare da ƙasa na nufin duk dukan da rami ko bakin kwalbati ya yi, kai tsaye yake wucewa zuwa ƙarafan sitiyari da bushin. Faɗawa rami ɗaya mai kyau ya isa ya rusa aikin da aka biya kuɗi aka yi jiya. Ƙari a kan haka, da yawan irin waɗannan motoci tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, saboda haka shawarar da aka saba bayarwa ta sauya musu gurbi duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 ba ta yiwuwa a kansu.

Taya tana ba da labarin ciwonta ga mai iya karantawa. Idan gefe ɗaya ne ya cinye sumul, kamba ce. Idan aka shafa tafin hannu a gicciye aka ji santsi ta wannan wajen, kaifi ta wancan kamar haƙoran zarto, bakin tayar ne ya kauce. Idan gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa, kuma wannan shi ne ciwon motocin da ke kwasar buhunan shanshera da kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan. Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. Ba sabon abu ba ne a bai wa ƙaramar mota iska 45 ko 50 da sunan kada ta yi faci, alhali yawancinsu tsakanin 30 da 35 kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Cinyewa rami-rami, nan tudu can kwari, alama ce ta shokozoba da ta mutu ko rashin balansin.

A nan akwai abin da ya keɓanta ga masu shiga gonaki. Laka kan cika bayan gare ta bushe a gefe guda, sai sitiyari ya kama rawa da zarar an kai gudun kilomita 80 zuwa 100. Mutane sun sha biyan kuɗin alaimen a kan abin da bokitin ruwa zai warkar. Balansin daban, alaimen daban: na farko raba nauyi ne a kewayen taya, na biyu gyara inda ta fuskanta.

Batun kuɗi shi ke tura mutane ga kuskure na gaba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, kusan duk tayar ƙaramar mota daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin dala. Wanda tayarsa ta mutu kafin lokaci sai ya koma ga 'yar Beljiyam, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su. Ya ɗora ta a kan ƙafar da ba a gyara ba, ita ma ta bi sawun 'yar uwarta, cikin ma ƙanƙanin lokaci. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, kuma zanen da ya gaza milimita 1.6 ba ya iya korar ruwa daga ƙarƙashinta. A damina, a kan titin da doka ta yarda ƙaramar mota ta yi kilomita 100 cikin awa, wannan ba batun tara ba ne kawai.

Tsarin gyaran yana da muhimmanci, kuma a nan ne garajin kirki ke bambanta da na cin kuɗi. Sai an ɗaga mota an girgiza kowace ƙafa, an tabbatar bushin da ƙarafan sitiyari ba su da wasa, gare bai lanƙwashe ba, iska ta yi daidai, kafin a taɓa alaimen. Ƙafar da ke lilo ba ta riƙe awo. Tun kafin a kai Karfi ya warware. Bakaniken da ke aiki da zare da ido yana iya daidaita bakin tayoyin gaba na tsohuwar Golf, kuma wasunsu gwanaye ne. Motar tsere kuwa ƙafafunta huɗu duk ana juya su, don haka sai an kai ta kan na'urar kwamfuta irin waɗanda ake samu a cikin birnin Kano, a nemi a ga awon kafin gyara da bayansa. Mai irin wannan mota da ya san aikinsa hanyar gona ce zai iya roƙon a saita kamba a mafi ƙarancin abin da kamfani ya yarda, ya sadaukar da ɗan riƙon kwana domin tayar ta daɗe.

Binciken da ya fi kowanne sauƙi kuwa ba ya buƙatar ko sisi. A tsayar da mota, a murɗa sitiyari har ƙarshe, a durƙusa a duba gefen ciki na tayar gaba. Ta baya ba ta juyawa, sai an zura hannu ko an haska fitilar waya daga ƙarƙashi. Sau ɗaya a mako ya wadatar, da kuma duk ranar da aka ji ƙafa ta daki kwalbati a hanyar kanal.