Kaset ɗin da Aka Rubuta wa "Wa'azi"

Bayan sadakar arba'in ta kawuna, Inna ta kira ni ɗaki ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "Duba mini wannan, ɗana. Abin da ya shafi magada ka ware, saura a bayar sadaka."

Kawu direban babbar mota ne. Daga gidansa na unguwar Bagalam a Maraɗi ya yi kusan shekara talatin yana bin hanyar arewa: Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas, har Arlit. A cikin adakar na tarar da tsofaffin takardun mota, da carbi biyu, da kaset goma sha ɗaya ɗaure da roba. Goma na karatun Alƙur'ani ne da waƙoƙin Shata. Na sha ɗayan an rubuta masa "Wa'azi" da shuɗin biro, kuma hannun kawu ne, ko a mafarki na gan shi zan gane.

Da dare na aro rikoda a maƙwabta. Na danna, ina jiran bisimilla da salati. Sai wani gurnani ya fara tasowa a ƙasa-ƙasa, can kuma gitar lantarki ta tsage kamar iska ta ɗaga kwanon rufi. Ga tafi, ga guɗa, ga muryar wani namiji a shaƙe, ta nutse cikin ƙara har ba a iya tsintar kalma ko ɗaya. Ban fahimci komai ba, amma tsigar jikina ta tashi, don ko kurma ya san wannan ba muryar mai murna ba ce. Bai kai ƙarshe ba zaren ya sarƙe. Na zauna da tambaya ɗaya: me ya haɗa kawu, mutumin sahun farko, da wannan abu, har ya ɓoye shi da sunan wa'azi?

Wanda ya fara ba ni amsa ɗan yayata ne, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Yana jin ɗan abin da na naɗa a waya ya ce, "Kawu, ai wannan pank ne!" Ya bayyana mini cewa kiɗa ne da samarin Landan da New York suka tayar wajen 1976, da yawansu ƴaƴan talakawa, ba su damu da gwaninta ba, abin da ke cinsu a rai kawai suke amayarwa da ƙarfi. Ya kunna mini wata ƙungiyar Ingila mai suna Discharge, wadda faifanta na 1982 ke cike da maganar yaƙi da tsoron makamin nukiliya. Gaskiya akwai kama, musamman wajen kaushi da fushi. Sai dai nasu a miƙe yake gudu kamar injin niƙa, na kaset ɗin kawu kuwa rangaji yake yi. Sannan Turawan Ingila ba sa guɗa.

Washegari na kai kaset ɗin wurin wani mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa, dattijon da ya ga zamanin kaset tun farkonsa har ƙarshensa. Ya kwance ƙananan kusoshin, ya ɗinke zaren da ɗan salatif, ya naɗe shi da biro. Ya sa abin ji a kunne ya yi shiru na tsawon lokaci.

"Malam, abu uku zan gaya maka," in ji shi. "Na farko, wannan ba kwafi ba ne. Ji nan, ƙarar danna maɓalli ce, nan kuma wani ya ture rikodar da ƙafa. A wurin aka ɗauka. Na biyu, an ɓalle ƴan haƙoran saman nan guda biyu, don kada a yi kuskuren naɗa wani abu a kai. Mai shi yana son abinsa. Na uku, gurnanin da ka ce lalacewa ce, ba lalacewa ba ce. Injin babbar mota ne a tsaye, an bar shi yana aiki."

Da ya zaro takardar cikin kwalin, sai ga wasu alamomi a bayanta da fensir: da'ira, ɗigo-ɗigo, wani abu kamar gicciye. Na ɗauka zanen yara ne, na mayar.

Injin mota. Ke nan kawu yana wurin.

A makon nan ɗaurin aure ya kai ni Tibiri. Bayan an shafa fatiha na nemi wani tsoho daga zuriyar makaɗan fada, abokin mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa wayar a kunne. Bai kula da gitar ba sam. Yatsunsa ne suka fara bugun gwiwarsa, suna bin wani abu da ni ban ma lura da shi ba a ƙarƙashin hayaniyar.

"Wanga ba kiɗinmu ba ne, yaro, amma na san shi. Turmi ne. Matan Abzinawa kan rufe bakin turmi da fatar akuya, su jiƙa ta da ruwa, su yi ta bugu ana tafi. Tende suke ce masa. Mai gitar nan turmin yake bi."

Na nuna masa takardar, ya kai ta kusa da ido. "Wanga kuma rubutunsu ne. Na sha ganinsa wurin masu kawo gishiri."

Bai yi mamakin samun abin Abzinawa a adakar Bakatsinen Maraɗi ba. Ya tuna mini cewa Gobirawa kansu suna cewa daga Abzin suka gangaro, kuma a yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama a karonsu da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, akwai Abzinawa a ɓangarensu. Bayan wannan yaƙin ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri. "Mu ma garinmu ƴan gudun yaƙi suka gina shi," in ji shi. "Mun san muryar wanda ya rasa gida."

A hanyar komawa abubuwa suka fara haɗuwa a kaina, har na ji kunyar rashin ganewa tun farko. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin Abzinawa, samarinsu suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin yi. Ana kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A can suka riƙi gita, wasu suka riƙi bindiga ma a sansanonin Gaddafi. Daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito a ɓangaren Mali, a namu ɓangaren kuma Abdallah Oumbadougou. Bayan kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a watan Mayun 1990 tawaye ya ɓarke, waƙoƙin nan suka zama saƙo da ke yawo daga hannu zuwa hannu, kuma samun irin wannan kaset a jakar mutum na iya jawo masa kamu. Ga dalilin kalmar "Wa'azi". Ɗan yayata ma bai yi nisa da gaskiya ba: da wani kamfanin Amurka, Sublime Frequencies, ya fitar da faifan Group Inerane a 2007 da na Bombino a 2009, masu son kiɗa mai kaushi a Turai da Amurka ne suka fara rububinsu. Bambancin shi ne, a Landan zaɓar kaushin aka yi. A nan kuwa ƙaramar lasifika ce aka matsa wa fiye da ƙarfinta, don ita kaɗai ake da ita.

Saura tambaya mafi nauyi. Kawu ba ya jin Tamashek, ba ruwansa da siyasa, yana da iyali. Don wa ya ɗauki wannan kasada?

Inna na tsince shinkafa na nuna mata takardar. Ta ajiye faifan. "Ai sai ka je Jiratawa. Yaron motarsa na da yana can. Ya zo gaisuwa ranar uku, ba ka gane shi ba ne, ya tsufa."

Na same shi da hantsi a cikin fadamar noman rani, inda ruwa ke bin ƙananan magudanan siminti, mata na tsinkar zogale suna tarawa a zane. Dogo ne, da rawani mai shuɗi wanda rana ta cinye, Hausarsa ta Maraɗi tsantsa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, muka zauna a bakin magudana. Ban yi dogon bayani ba, na ciro kaset ɗin daga aljihu. Yana ganin shuɗin rubutun ya ja rawani ya rufe bakinsa.

"Maigida bai yar da shi ba," in ji shi.

Ya ce da damina ne, a shekarun da motoci ba sa wuce wani wuri sai an taru an bi rakiyar sojoji. Suka kwana biyu suna jira kusa da Abalak. Danginsa na zaune ba nisa da hanya, ana kuma bikin suna. Wani saurayi da ya dawo daga Libiya yana da gita da ƴar lasifika, amma babu batir. Yaron motar ne ya roƙi maigidansa. Kawu ya yi shiru, sannan ya karkata motar bayan wani tudu, ya jawo waya daga batirinta, ya bar injin yana aiki don kada wuta ta ƙare su kasa tashi da safe. Rikodar ma ta kawu ce, wadda yake jin Shata da ita.

Na kunna masa a waya, inda aka juye kaset ɗin gaba ɗaya bayan gyaran. Ya riƙa fassara mini kaɗan-kaɗan, ba kalma da kalma ba. Ta farko kewar gida ce. Ta biyu kira ne ga samari. Da aka zo ta uku ya ɗaga mini hannu. Ya ce wannan sunayen rijiyoyi ne, da sunayen mutanen da aka tafi da su daga bakin rijiyoyin ba su dawo ba. Muka saurara. A wani wuri guɗar ta yanke, wata mace ta yi ƙara.

"Mahaifiyata ce. Sunan wana aka ambata."

Alamomin fensir ɗin sunan wan nasa ne, shi ya rubuta da hannunsa a daren.

Da gari ya waye tsoro ya kama shi, ya ce a binne kaset ɗin a rairayi. Kawu ya karɓa, ya ciro biro ya yi rubutunsa, ya jefa shi cikin na karatu a gaban mota. A kowane shinge ana sauke yaron a zazzage jakarsa, ba wanda ya taɓa kallon kaset ɗin Alhaji mai carbi.

"Na ce masa, maigida, wannan ba ƙarya muka yi ba? Ya ce, yaro, abin da ya tuna maka da mutuwa ai wa'azi ne."

Bayan kame-kamen da aka yi wa Abzinawa a Agadas a watan Agustan 1992, kawu ya ƙi sake tafiya da shi arewa. Ya kawo shi Jiratawa wurin wani amininsa mai fili, ya ce ya koyi noma har ƙura ta lafa. Ƙurar ta lafa, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, amma kafin nan ya yi aure, mahaifiyarsa kuma ta rasu. Kawu ya kawo masa kaset ɗin har gona. Ya ce ba zai iya jin muryarta ba tukuna, a ci gaba da ajiye masa. Kawu bai sake tayar da maganar ba, shi ma nauyi ya hana shi tambaya, har ranar da ya zo gaisuwa ya koma da tambayarsa a ciki.

Muna zaune waƙar ƙarshe ta ƙare. Ban taɓa kaiwa nan ba, don a nan zaren ya sarƙe a daren farko, bayan gyaran kuma zuciyata ba ta ba ni in saurara ni kaɗai ba. Gitar ta yi shiru, saura gurnanin injin da tarin wani yaro. Sai wata murya ta matso kusa da rikodar, da Hausa, a natse, muryar da na yi kwana arba'in da wani abu ina kewa:

"To, a yi haƙuri haka nan, mai ya yi ƙasa. Allah Ya raya yarinya."

Injin ya mutu. Maɓalli ya yi ƙara.

Na miƙa masa kaset ɗin da hannu biyu. Ya ƙulle shi a bakin rawaninsa, ya tashi ya shiga cikin zogalen, ya daɗe bai fito ba. Da ya dawo yana rungume da dami guda, ya ɗaure mini a bayan babur, ya ce in kai wa Inna.