Yadda ƙwayar cutar PPR ke kutsawa cikin jikin akuya

Tambayar da makiyaya suka fi yi mani lokacin rigakafi ita ce: me ya sa allurar teramisin ba ta kashe PPR, alhali tana maganin wasu ciwon huhun? Amsar tana jikin ƙwayar cutar kanta.

PPR birus ce, dangin bushiyar shanu da aka kawar daga duniya a 2011, kuma dangin ƙyandar yara. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942. Birus ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar dabba. Ita ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani na maiƙo, birus ɗin ma tana da irinsa. Tantani biyu ba sa haɗewa don sun taɓa juna kawai, don haka sai birus ta yi amfani da furotin iri biyu da ke tsaye a bayanta kamar ƙayoyi, H da F.

Aikin H kamawa ne, kuma ba ko'ina yake kamawa ba. Yana neman wata alama mai suna SLAM a kan ƙwayoyin garkuwar jiki, da wata mai suna nektin-4 a kan ƙwayoyin da suka shimfiɗe baki, hanyar numfashi da hanji. Wannan zaɓen shi ke bayyana alamomin da muke gani a garke: zazzaɓi da farko, sannan kwantsa da majina, gyambo a dasashi, tari, zawo mai wari.

F shi ne mai ɓalle ƙofa. Ana ƙera shi a dunƙule, ba ya aiki sai wani sinadarin dabbar mai suna furin ya tsaga shi gida biyu. Daga nan yana zaune a ɗane kamar tarko. Da H ya kama, sai F ya miƙe, ya soka tsininsa cikin tantanin ƙwayar dabbar, sannan ya lanƙwashe ya koma baya, yana janyo tantanin biyu har su narke su zama ɗaya. Rami ya buɗe, kayan gadon birus suka zube ciki. Ƙwayar da ta kamu kuma sai ta fito da H da F a bayanta, ta manne da maƙwabtanta su zama ƙatuwar ƙwaya guda, birus na ratsawa ba tare da ta fito fili ba.

Teramisin ba shi da abin da zai taɓa a nan, domin bakteriya yake kashewa. Amfaninsa shi ne tare ciwon huhun da ke biyo baya idan birus ta karya garkuwar jiki. Ina ba da shi, amma ba na bari mai akuya ya tafi da zaton an yi maganin PPR.

Rigakafi ne ke sa jiki ya ƙera garkuwar da ke toshe H da F tun kafin su kama. Duk da akwai zuriya huɗu na birus ɗin, allurar da aka samo daga nau'in Nigeria 75/1 tana kare su duka, na aƙalla shekara 3. A kan wannan ne hukumomin FAO da OMSA suka dogara da suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar.

Sai dai allurar birus ce mai rai da aka raunana, kuma tantaninta na maiƙo ba ya jure zafi. A ranar Afrilu a Tawa ko Damagaram, kwalbar da aka dama aka ajiye a rana ta zama ruwa kawai. A riƙe ta cikin akwatin ƙanƙara, a ƙarar da ita cikin awa biyu. Ƴan awakin da ba su kai wata uku ba kuwa a dakata masu, domin garkuwar da suka sha a dakashin uwa takan kama H ɗin allurar ta hana ta aiki. A rubuta su, a dawo masu a zagaye na gaba.