Daga Darfur zuwa Umdurman: yadda tawayen gefen ƙasa ya cinye babban birnin Sudan

A ranar 12 ga Mayun 2025 ƙungiyar Kurdawa ta PKK ta sanar da rusa kanta, bayan yaƙin da ta fara da gwamnatin Turkiyya a 1984, wanda ya ci rayuka fiye da 40,000. A Sudan ma an yi irin wannan dogon tawaye, amma sulhun da aka ƙulla bai kashe wutar ba. Wutar ta bar karkara, ta shigo Hartum da Umdurman, ta kuma ƙona har da Hausawan ƙasar, waɗanda ba su cikin ƙungiyoyin da suka tayar da ita.

Mafarin rikicin

A 2003 ƙungiyoyi biyu, SLA da JEM, suka ɗauki makamai a Darfur da ke yammacin Sudan. Kukansu shi ne gwamnatin Umar al-Bashir ta tattara mulki da dukiya a tsakiyar ƙasa, ta bar yankunansu babu hanya, babu asibiti. Gwamnati ta mayar da martani ta hanyar bai wa mayaƙan Janjawid makamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu.

Shekaru biyar mazauna Hartum suna jin labarin daga nesa. Sai ranar 10 ga Mayun 2008 mayaƙan JEM, ƙarƙashin Khalil Ibrahim, suka keto hamada cikin motoci har Umdurman, inda kogin Nilu kaɗai ya raba su da fadar shugaban ƙasa. Sojoji sun kore su, an kashe mutane fiye da 200. Sudan ta zargi Cadi da mara musu baya, ta yanke hulɗa da ita, jami'an tsaro kuma suka yi ta kame ’yan asalin Darfur a unguwannin birnin.

Maganin da ya zama cuta

Maimakon ta duba ƙorafin yankunan, gwamnati ta ƙara dogara da mayaƙan sa-kai. A 2013 ta mayar da Janjawid rundunar RSF, ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019, an sa hannu kan yarjejeniyar Juba ranar 3 ga Oktoban 2020. Jibril Ibrahim, wanda ya gaji ɗan'uwansa Khalil a shugabancin JEM, ya zama ministan kuɗi. Malik Agar, jagoran wani ɓangare na ’yan tawayen SPLM-N a jihar Shuɗin Nilu, ya samu kujera a majalisar mulkin ƙasa.

Darasin da kowa ya ɗauka shi ne mai bindiga ake kira teburin rabo. Manomi da ɗan kasuwa sai dai su ji a rediyo.

Inda abin ya shafi Hausawa

Hausawa sun daɗe a Sudan. Wasu alhazai ne da suka yada zango a kan hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk da haka batun mallakar ƙasa da sarautar gargajiya bai daina bin su ba.

A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan da Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu. An kashe mutane fiye da 100, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa sun fito zanga-zanga a Hartum da Kasala suna neman a hukunta masu laifi. A Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi. Masu sharhi da dama sun danganta shi da takarar iko da ta biyo bayan yarjejeniyar Juba.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 rundunar RSF, wadda aka kafa domin murƙushe tawaye, ta gwabza da sojojin ƙasa a tsakiyar Hartum. Sai a Maris na 2025 sojoji suka ƙwato fadar shugaban ƙasa, bayan miliyoyin mutane sun tsere. JEM da ta kai wa Umdurman hari a 2008, yanzu tana yaƙi a gefen sojojin.

Ga Hausawan Sudan, da ’yan'uwansu da ke zaune a matsayin tsiraru a Cadi, Kamaru ko Gana, abin lura a duk wani sabon sulhu shi ne: shin ya fayyace haƙƙin gona, da takardar zama ɗan ƙasa, da wakilcin al'ummar da ba ta da mayaƙa? Idan ya tsaya kan rabon muƙamai kawai, to an rufe wuta ne da toka.