3.4 Illar Rashin Fitaccen Ɗan Wasa ga Ƙungiyar Ƙwallon Kwando

Kamar yadda aka nuna a baya, 'yan wasa biyar kacal kowace ƙungiya ke sakawa a fili, don haka gurbin gwani guda ba ƙaramin giɓi ba ne. Sai dai girman illar ya danganta ne da abin da ya bari a bayansa. Ƙungiyar Chicago Bulls ta Amurka ta isa misali.

Michael Jordan ya ajiye wasa a watan Oktoba na 1993, bayan ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA sau uku a jere. Kafin tafiyarsa ta ci wasanni 57 cikin 82, bayan tafiyarsa kuma ta ci 55. Dalili kuwa shi ne, koci Phil Jackson yana nan da tsarinsa, Scottie Pippen ya karɓi ragama, aka rarraba nauyin jefa ƙwallo tsakanin sauran. Giɓin bai fito fili ba sai a zagayen fitar da gwani, inda New York Knicks ta fitar da ita a wasa na bakwai.

A karo na biyu kuwa, wato bayan kofin 1998, Jordan da Pippen da Dennis Rodman da Jackson duk sun tafi. Ƙungiyar da ta ci wasanni 62 sai ga ta da 13 cikin 50.

Daga nan za a fahimci cewa rashin gwani shi kaɗai kan hana ƙungiya kofi, amma idan ya haɗu da rushewar tsari, sai ta durƙushe baki ɗaya.