Shari'ar zaɓe da asibitin ƙauye: abin da ya shafi Gaya da Ajingi

Ranar 18 ga Maris 2023 mutanen Kano suka zaɓi gwamna, amma sai ranar 12 ga Janairu 2024 aka tabbatar da wanda zai ci gaba da zama a kan kujerar. A tsakani, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na Gwamna Abba Kabir Yusuf a watan Satumba ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tsige Abba a Nuwamba, sannan Kotun Ƙoli ta mayar masa da nasararsa. Kusan wata goma ke nan ana zaman jiran hukunci, a shayi da majalisa ba a maganar komai sai shari'ar.

A cikin waɗannan watanni ne cutar mashaƙo ta fi tsananta, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Ba shari'a ce ta kawo mashaƙo ba. Yaran da ba su samu allurar rigakafi ba tsawon shekaru su ne ƙofar da ta shigo. Sai dai annoba tana buƙatar gwamnati mai natsuwa, kuma gwamnatin da ba ta san ko za ta kai baɗi ba, rabin hankalinta yana wajen lauyoyi. Babban jami'i ma yakan yi taka-tsantsan da sa hannu a takardar kuɗi idan bai san wa zai bincike shi gobe ba.

Domin a gane yadda abin ke taɓa talaka, a dubi yadda aka raba aikin lafiya. Ƙananan asibitocin mazaɓu, waɗanda har yanzu wasu ke kira shamagani, suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma tare da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Babban asibiti irin na Gaya na gwamnatin jiha ne. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa na tarayya ne. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama a wani ƙauyen Ajingi cikin damina tana iya ratsa matakan nan uku a dare ɗaya: a ɗora ta a babur ko a-daidaita-sahu zuwa asibitin mazaɓa, ungozoma ta duba ta ga jinin ya yi yawa ta ce a wuce Gaya, idan can ma babu jini ko likitan tiyata a kama hanyar Wudil zuwa birni. Kowane mataki akwai zaɓaɓɓen da ya kamata ya biya albashi, ya sayi man janareta, ya gyara firjin rigakafi. Inda aka yi jayayya a kan wane ne zaɓaɓɓen, nan ne aka fi jin “a dawo wani mako”.

Matakin ƙasa shi ne ya fi rauni. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ban da kantomomi. Kano ta yi nata zaɓen ranar 26 ga Oktoba 2024, jam'iyyar NNPP ta lashe duka ƙananan hukumomi 44, bayan da wata kotun tarayya ta ce shugabannin hukumar zaɓen jihar ba su cancanta ba, wata kotun jiha kuma ta ce a yi zaɓe. Hatta masarautar Gaya, wadda hakimai da dagatanta da masu unguwanninta ke shiga gaba wajen kai masu rigakafi gida-gida, an ƙirƙire ta a 2019, an rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita da daraja ta biyu bayan wata biyu, tana riƙe da Gaya da Ajingi da Albasu.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Haiti, can yankin Karibiyan. Rabon ƙasar da zaɓe tun 2016. An kashe shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, wa'adin sauran zaɓaɓɓun sanatoci ya ƙare a Janairun 2023, 'yan daba suka mamaye mafi yawan babban birnin. Kwalara ta dawo a Oktoban 2022, babban asibitin gwamnati ya rufe, kuma ranar da aka taru za a sake buɗe shi a Disambar 2024 aka buɗe wuta, aka kashe 'yan jarida biyu da ɗan sanda. Mu ba mu kai nan ba, alhamdu lillahi: mun kai ƙara kotu, kotu ta yanke, an bi.

A ganina gyaran farko shi ne a kammala shari'ar zaɓe kafin rantsuwa. Tsarin mulki ya ba kotun farko kwana 180, ɗaukaka ƙara 60, Kotun Ƙoli 60, alhali ana rantsar da gwamna ranar 29 ga Mayu. Na biyu ya fi kusa da hannunmu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, kuma wani kaso yana shiga asusun asibitin mazaɓar da aka tantance kai tsaye, ko wa ke kan mulki. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a kan yadda ake kashe shi. Mutumin Ajingi ko na Gaya yana da damar ya samu shugaban kwamitin ya tambaye shi nawa suka shigo a wannan zangon, da abin da aka saya da su.