Karanta taya kafin ka saye ta

Yau za mu yi magana kan tayar babur, wanda mu nan muka fi sani da moto. Wataƙila kana da shi. Wataƙila ba ka da shi, amma kana hawan kabu-kabu ranar kasuwa, ko kuwa ɗanka ne yake wannan sana'a. Ko ta yaya dai, in ka hau, tayoyi biyu ne suke ɗauke da kai. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa kuwa bai wuce tafin hannunka ba.

Ƙasarmu ba ta tausayin taya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Ƙonni da Galmi da Madawa, ta wuce Maraɗi, kwalta ce. Amma mu nawa ne muke yini bisa kanta? Mutumin da yake zaune a ƙauyukan Buza ko Keita, da ya fito gida dutse ne yake tarbarsa. Ya hau tudu, ya sauko, ya faɗa cikin rairayin ƙorama. In damina ce, a fadamar Majiya ko ta Tarka, laka ce mai santsi. Ga kuma ƙaya. Tun shekarar 1984 da aka soma babban aikin raya ƙasa na Keita, an dasa itatuwa masu yawan gaske, da dama cikinsu masu ƙaya. Alheri ne ga gona da dabbobi, mun gode Allah. Sai dai mai babur ya san abin da ƙayar bagaruwa da ta aduwa suke yi.

Bari in ba ka labarin wautata. Wata shekara na sayi taya a wata kasuwa. Tana naɗe cikin leda, baƙa wuluk, tana ƙyalli. Mai kaya ya rage mani kuɗi, na tafi ina murna. Ban yi wata biyu ba gefenta ya soma tsattsagewa kamar kaushin ƙafa. Ran nan ina tafe zuwa aji, da yamma, na ɗauko allo da littattafai, sai na ji fau! Na tura babur da ƙafa har magariba, ɗalibai suka gaji da jira suka watse. Da na kai wa mai faci, ya juya tayar, ya nuna mani wasu lambobi huɗu. Ya ce: «Malam, kai da kake koya wa mutane karatu, ba ka karanta wannan ba?» Ashe tayar ta shekara 7 da ƙerawa kafin in saye ta. Kunya ta kama ni ƙwarai.

To, ga abin da ya koya mani. Kowace tayar kirki tana da rubutu a gefenta. Da can kana ganinsa kamar ado ne. Yanzu ka san baƙaƙe, ka san lambobi. Rubutun nan da kai yake magana.

Soma da shekarunta. Nemi lambobi huɗu da suke zaune tare, galibi cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Sau da yawa suna zuwa ne a ƙarshen layin da ya fara da baƙaƙen DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Ka san shekara tana da sati 52. In ka ga 1523, an yi tayar a sati na 15 na shekarar 2023, wato cikin watan Afrilu. In ka ga 4819, sati na 48 ne na 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta shi haka. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kamar yadda igiyar guga take bushewa in an yar da ita a rana. Manyan masu ƙera taya suna cewa, in ta shekara 5 a riƙa duba ta sosai kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. A wurinmu, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce awo 40, ni ba na sayen wadda ta haura shekara 2 a kanti.

Sai girmanta. Za ka ga rubutu kamar 2.75-17 ko 3.00-18. Na farko faɗin taya ne, na biyu girman ƙarfen da take zama a kansa. Kada ka yi ta da kai: dubi abin da ke jikin tsohuwar, ka rubuta a takarda, ka tafi da ita kasuwa. Mai 17 ba ta shiga ƙarfen 18. Wasu samari suna son sa mai faɗi don ado. Tana iya gogar sarƙa, kuma tana cin mai.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu masu ɗaukar kaya. Nemi lamba da baƙaƙe biyu: 4PR, ko 6PR, ko 8PR. Wannan ƙarfin jikin taya ne. Cikin roba akwai zare a shimfiɗe, hawa bisa hawa, kamar tabarma bisa tabarma. Yawan lambar, yawan ƙarfinta. Mai zuwa aiki cikin garin Madawa shi kaɗai, 4PR ta ishe shi a gaba. Amma a baya, ga mai ɗaukar buhun albasa daga garka, ko mai goyon mutum biyu bisa duwatsun Adar, kada ya yi ƙasa da 6PR. Akwai kuma wata lamba da baƙi ɗaya a bayanta, kamar 42P ko 47P ko 52P. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya take iya ɗauka: 42 kilo 150 ne, 47 kilo 175, 52 kuwa kilo 200. Yi lissafi da kanka. Mafi yawan nauyinka, da buhu cike, da rabin nauyin babur, duk bisa tayar baya. Nawa ke nan? Shi ya sa ta baya take riga ta gaba mutuwa. Ita ce mai ɗaukar kaya, ita ce kuma injin yake turawa.

Duba zanenta kuma, abin da wasu suke kira haƙora. Mai ƙananan zane, kusan sumul, ta kwalta ce. Mai manyan haƙora, warwatse, ta laka da rairayi ce, amma kwalta mai zafi tana cinye ta da sauri, kuma tana kuka. Mu da muke bin kwalta da safe, mu bi burji da dutse da yamma, ta tsakiya ce tamu: haƙora masu kauri, kusa da juna, da rami mai zurfi. A Turai, masu manyan babura na doguwar tafiya suna da tayar da aka yi wa tsakiya da roba mai tauri, gefe da mai laushi. Dalili shi ne, roba mai tauri tana daɗewa, mai laushi kuwa ta fi kama ƙasa. Wannan doka ɗaya ce ko'ina. Saboda haka kada ka ce wadda ta fi kowace tauri ita ce ta fi kyau. Wadda ta yi tauri kamar ƙaho, ranar ruwan farko za ta kayar da kai.

In an rubuta TUBE TYPE, sai da tub a ciki, wato robar nan mai riƙe iska. In an rubuta TUBELESS, ba ta bukatar tub, amma sai ƙarfen da aka zuba, ba mai tsinkayen waya ba. Amfaninta, in ƙaya ta soke ta, iska a hankali take fita, kana iya kaiwa gari. Aibinta, in dutse ya lanƙwasa bakin ƙarfen, iska ba ta zama. Kowa ya dubi hanyarsa ya zaɓa. Akwai kuma ɗan zanen kibiya a gefe. Ka tsaya kan mai faci, ka ga kibiyar tana duban inda taya take juyawa in babur yana tafiya gaba. Kuma sabuwar taya, a sa mata sabon tub. Tsohon tub mai faci goma zai ɓata maka ita.

Na san za ka ce mai kyau tana da tsada. Gaskiya ne. Amma mu yi lissafi irin na aji. Mu ɗauka, don misali kawai, wata taya jika 6 ce, tana yin wata 3. Wata kuma jika 10, tana yin wata 8. Cikin shekara 2, wato wata 24, ta farko za ka saye ta sau 8, jika 48 ke nan. Ta biyu sau 3, jika 30. Ba mu ma sa kuɗin faci ba, da ranar aikin da ka rasa. Balle daren da mai naƙuda take bayanka, kuna neman asibiti. Ni yanzu ina rubuta ranar da na sa taya a bayan littafina, da kuɗin da na biya. Da haka na gane wadda ta fi jure hanyata, ba da bakin mai kanti ba.

Ko ka sayi ta ƙwarai, rashin iska yana kashe ta. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, ta yi zafi, zarenta ya tsinke. In ta daki dutse, ƙarfe ya matse tub, ya yi masa huji biyu kamar saran maciji. Iska ta yi yawa kuma, tsakiya kaɗai take cinyewa, babur ya yi ta tsalle. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Ka sa a auna maka da abin awon nan mai fuskar agogo, sau ɗaya a sati, da safe kafin taya ta yi zafi. Yawancin babura suna da ƴar takarda manne kusa da sarƙa, mai faɗin iskar gaba da ta baya, da ta ranar kaya. In ka rage iska don ka ƙetare rairayi, ka mayar da ita kafin ka hau dutse. Ka ajiye babur a inuwa, kada mai ya zuba bisa roba. Sabuwar taya kuma tana da santsi, ka bi ta sannu wajen kilomita 100 na farko.

Yaushe za ka cire ta? A kafaɗar taya akwai ɗan zane mai kusurwa uku, ko baƙaƙen TWI. Bi shi da yatsa zuwa cikin ramin zane, za ka ji ɗan tudu. Ranar da haƙora suka suɗe suka yi daidai da tudun nan, ta gama aiki. Haka kuma in ka ga ƙululu a gefe, ko zare ya leƙo, kada ka jira ranar kasuwa.

Kafin darasi mai zuwa, ka durƙusa gindin babur ɗinka, ko na maƙwabci. Ka goge ƙurar gefen tayar baya da tsumma mai ruwa. Ka kwafo girmanta, da lambar PR, da lambobin nan huɗu. Ka zo da su, mu karanta tare a allo.